Shirin Musamman: Cutar Toshewar Hanyoyin Maɗaciya da Abokan Tafiyarta



Allah cikin hikimarsa ya tsara wa hanta waɗansu siraran hanyoyi waɗanda ruwan maɗaciya yake bi ya gangara zuwa hanji domin narkar da maiƙon abinci, kuma akwai wata larura, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da haruffan PSC, da take kumbura hanyoyin nan sannu a hankali, ta bar musu tabo, su tsuke a nan su buɗe a can, har idan aka ɗauki hotonsu sai a gan su tamkar 'ya'yan carbi a jikin zare. Galibi maza take kamawa, wajen kashi biyu cikin uku na majinyata, tsakanin shekara 30 da 40, kuma ta fi yawa a arewacin Turai, inda a ƙasashe irin su Norway da Sweden take sahun gaba cikin dalilan yin dashen hanta. Alamominta su ne kasala, da ƙaiƙayi mai hana barci, da shawara. Sai dai maƙasudinmu yau shi ne cututtukan da suke rakiyarta, domin da wuya ta zo ita kaɗai.

Babbar abokiyar tafiyarta ita ce kumburin babban hanji mai sa gyambo, kana cutar Crohn, ita ma ta hanji, a bayanta. A Turai da Amurka, kimanin mutum 7 cikin 10 masu wannan larurar hanta suna ɗauke da ciwon hanjin, alhali a Japan adadin bai kai haka ba. Idan kuwa aka juya lissafin, wajen 5 cikin 100 ne kawai na masu gyambon hanji suke kamuwa da ciwon hantar.

Abin al'ajabi, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan wannan mas'ala, shi ne yadda ciwon hanjin yake yin laƙwas a jikin waɗannan bayin Allah, ta yadda mutum zai shekara da shekaru ba gudawa, ba jini, ba murɗar ciki, yana zaton lafiya lau yake, alhali kumburin ya mamaye hanjin, musamman ɓangaren dama, sau da yawa ya ƙyale dubura, kuma haɗarin sankarar hanji a gare shi ya ninka na mai gyambon hanji zalla kusan sau huɗu. Saboda haka ne masana suka yi ittifaƙi cewa duk wanda aka tabbatar yana da PSC a leƙa hanjinsa da na'ura, a gutsuro tsoka a auna, ko da bai taɓa kuka da cikinsa ba, kuma idan an tarar da kumburin a riƙa maimaita binciken kowace shekara. Wani ƙarin sirrin kuma, cututtukan biyu ba sa jiran juna: akan cire babban hanji ɗungurungum amma ciwon hantar ya ɓullo bayan shekaru, akan kuma dasa sabuwar hanta amma ciwon hanjin ya tashi daga baya.

Musiba mafi girma ita ce sankarar hanyoyin maɗaciya su kansu, wadda take samun tsakanin mutum 10 zuwa 20 cikin 100 a tsawon rayuwarsu, kuma kaso mai yawa a cikin shekarar farko ake gano ta. Walter Payton, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Chicago Bears, ya bayyana wa duniya cewa yana da PSC a watan Fabrairu na 1999, bai kai ƙarshen shekarar ba wannan sankara ta yi ajalinsa. Ita ma jakar maɗaciya ba ta tsira ba, shi ya sa ake duba ta da hoto duk shekara, kuma tsiron da ya kai milimita 8 a cikinta ya isa hujjar cire ta.

Sauran kuwa sai mu ambace su a gurguje. Ruwan maɗaciyar da ya tsaya yakan tara ƙwayoyin cuta, sai zazzaɓi da rawar ɗari da shawara su taso lokaci guda, wannan kuwa asibiti ake nufa nan take. Ƙarancin maɗaciya a hanji yakan hana jiki cin moriyar bitamin A da D da E da K, ƙashi ya yi rauni, jini ya ƙi daskarewa da wuri. Kasancewar garkuwar jiki tana da hannu a lamarin, akan iske ciwon sukari irin na ƙuruciya, ko ciwon maƙoƙo, ko kuma, musamman ga yara, kumburin hanta na garkuwar jiki.

A ƙasarmu, inda shawara takan zo daga ciwon hanta nau'in B ko sikila, jinin bayan gida kuma akan jingina shi ga atuni ko basir a yi ta shan jiƙo, wanda ya ga alamomin nan biyu sun haɗu masa, ko suna tafiya suna dawowa, ya kamata ya faɗa wa likita dukkansu a zama ɗaya, ya kuma nemi a auna masa jinin hanta.