Wa Ke Shata Iyakar Tsari?

Duk sa'ad da gwamnati za ta yi babban aiki, madatsar ruwa ce ko asibiti ko layin dogo, akan gayyato masana su dubi abin gaba ɗayansa: yadda wannan sashe ke taɓa wancan, inda kuɗi zai shiga, inda amfani zai fito. Wannan salon tunani ya bunƙasa a Amurka da Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da masana lissafin da suka yi wa soja aiki suka koma tsara masana'antu da birane. A ganinsu, in an auna komai daidai, lissafi da kansa zai nuna mafita.

Daga cikin gidan aka fara ja da wannan. C. West Churchman, masanin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, yana cikin waɗanda suka assasa fannin, amma a littattafansa na 1968 da 1979 ya nuna cewa babu mai iya hango komai. Tilas mai tsari ya ja layi, kamar yadda ake shata iyakar gona, ya ce nan cikin lissafina ne, can kuwa ba ruwana. Lissafi ba ya jan wannan layi. Mutum ne ke jansa, kuma galibi wanda kuɗi da iko ke hannunsa.

Ɗalibinsa Werner Ulrich, ɗan ƙasar Suwizalan, ya mayar da batun tambayoyi goma sha biyu a littafinsa na 1983, ya kasa su gida huɗu. Don wa ake aikin, da me za a gane an ci nasara? Wa ke yanke hukunci, wa ke riƙe da kuɗin? Sanin wa ake ɗauka a matsayin ilimi? Sai ta huɗu, wadda ta fi nauyi: wa ke magana da yawun waɗanda aikin zai shafa amma ba su cikin masu shawara? Kowace tambaya sau biyu ake yin ta, yadda abin yake da yadda ya kamata ya kasance, a ga tazarar da ke tsakani.

A gwada su a kan madatsar Bakolori da ke kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978. A takarda, aikin noman rani ne na zamani, kuma cikin iyakar da aka shata akwai ruwa da hanyoyinsa da kadadar da za a shayar. Manoman fadama da ke can ƙasa, waɗanda shinkafarsu da kamun kifinsu suka dogara da ambaliyar kowace damina, suna wajen layin. Da aka tare kogin, ambaliyar ta ragu, amfaninsu ya faɗi. Waɗanda ruwa ya ci gonakinsu da gidajensu kuwa suka yi ta kukan diyya, har suka tare hanyoyin wurin aiki. A watan Afrilun 1980 'yan sanda suka far musu, aka kashe mutane da dama. Mai yiwuwa ne injiniya bai yi kuskuren ko lamba ɗaya ba. Tun kafin ya ɗauki alƙalami an riga an fitar da waɗannan mutane daga cikin lissafin. Sanin da manomi ke da shi na lokacin zuwan ruwa da janyewarsa ma ba a ƙidaya shi ilimi ba.

Wani zai ce ai sai a tara kowa a tattauna. Hanyar Peter Checkland na Jami'ar Lancaster ke nan, kuma ta yi amfani ƙwarai. Amma Michael Jackson, wanda ya yi aiki a Jami'ar Hull (ba mawaƙin ba), ya soke ta da cewa inda ƙarfi bai zo ɗaya ba, taron yakan ƙare ne a kan abin da manya suka zo da shi. Duk wanda ya taɓa ganin talaka zaune gaban hakimi ana tambayarsa ko yana da ja, ya san irin "ranka ya daɗe, haka ne" da ake samu a wurin.

Abin da ya fi burge ni a aikin Ulrich shi ne bai ce sai talaka ya zama injiniya kafin ya buɗe baki ba. In ana maganar ƙarfin siminti, gwani ya fi shi. In kuwa ana maganar ko ƙauyensu ya cancanci shiga lissafi, gwani bai fi shi da komai ba, domin zaɓi ne aka yi, ba awo ba. Ya ishe shi ya tambayi me ya sa layin ya tsaya nan, sai nauyin kawo hujja ya koma kan mai tsarin.

Sai dai tambaya tana bukatar mai saurare. Gerald Midgley, shi ma na Hull, ya lura cewa inda masu iko suka toshe ƙofar muhawara, tambayoyin kaɗai ba sa buɗe ta. Sai an haɗa da gangami da matsin lambar siyasa kafin a samu zaman da za a yi su.