Kai kaɗai da wayarka: abin da mai gwada manhaja daga nesa yake fuskanta

Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mutane da yawa a Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, sun koma tura kuɗi ta waya ba don suna so ba, dole ce ta sa. Wani ya kama abin cikin kwana ɗaya, wani kuma har yau sai ya miƙa wa ɗansa wayar. Mun saba cewa ai bambancin ilimi ne. Akwai wannan, amma akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: a kan wa aka gwada manhajar kafin a sake ta?

Masu ƙera manhaja suna da abin da suke kira gwajin sauƙin amfani. Ana ba mutum wani aiki, misali "duba kuɗin da ya rage maka", a zuba ido a ga inda zai tsaya, inda zai ɓata, da inda zai haƙura. A da, mai bincike ne ke zama gefenka yana kallo. Yanzu akwai nau'in da babu kowa a gefe: a turo maka adireshin shafi, ka buɗe lokacin da ka ga dama, wayar ta naɗi allonta da muryarka, mai binciken ya kalli bidiyon daga baya. Kamfanoni irin su UserTesting, wanda aka kafa a Amurka a 2007, wannan ce sana'arsu. Ga mai bincike abin ya fi arha, ya fi sauri. Ga wanda ke riƙe da wayar fa?

Da farko za a yi maka 'yan tambayoyin tacewa, a ga ko kai ne irin mutumin da ake nema. Idan ka wuce, sai takardar amincewa, wadda yawanci doguwa ce kuma da Turanci. Sai wayar ta nemi izinin ɗaukar allo da murya. Daga nan ayyukan su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, tare da umarnin da ya fi ba mutane wuya: ka riƙa faɗin abin da ke ranka da ƙarfi yayin da kake dannawa. Wannan dabara daga masana halayyar ɗan Adam ta fito, kuma Clayton Lewis na kamfanin IBM ne ya bayyana yadda za a yi ta wajen gwada kwamfuta a 1982. Dalilinta a fili yake: bidiyo zai nuna inda yatsanka ya taɓa, amma ba zai nuna abin da ka zaci zai faru ba.

To, a wajenmu mai magana shi kaɗai ai an san sunan da ake ba shi. Idan mai bincike na zaune, da ya ji ka yi shiru zai ce, "Me kake tunani yanzu?" Idan babu shi, shirun zai yi ta tafiya.

Na ga wannan da idona. A wani aikin makaranta, ni da abokan karatuna mun haɗa samfurin manhajar duba farashin amfanin gona, na tura wa kawuna, manomin riɗi a Gantsa. Aikin farko: ya nemo farashin buhun riɗi a kasuwar Shuwarin. Da na buɗe bidiyon, sai na tarar da kusan minti huɗu babu magana, sai kukan awaki da yatsa yana hawa yana sauka a shafi ɗaya. Can sai na ji ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, kaina ne ba ya ja." Bayan haka murya ta canja, dannawa ta yi sauri: ya miƙa wa yaronsa wayar. A lissafin da manhajar gwajin ta fitar, an rubuta cewa ya kammala aikin cikin nasara.

Maganar tasa ta daɗe tana damuna. Ƙa'idar farko a wannan fanni ita ce manhaja ake gwadawa, ba mutum ba. Idan ka kasa, ita ce ta faɗi. Mun rubuta hakan a saman shafi, amma rubutu daban, mutum ya dube ka ya faɗa maka daban. Kawu ya ɗauki abin jarrabawa, ya kuma ɗora wa kansa laifin da namu ne: mun ɓoye sunayen kasuwanni a bayan wata alama mai layi uku, wadda duk wanda bai saba da manhajoji ba ba zai san ana danna ta ba.

Sai kuma tambayoyin ƙarshe. Mun yi amfani da wani sanannen ma'auni da John Brooke ya tsara a Ingila a 1986: jimloli 10, kowace ka nuna yadda ka yarda da ita daga 1 zuwa 5. An jera su da gangan, ɗaya ta yabo, ɗaya ta suka, don a kama mai amsa "e" ga komai. Kawu ya danna "na yarda sosai" a duka goman, har da waɗanda ke cewa manhajar tana da wuya. Idan aka yi lissafin haka, maki 50 cikin 100 ake samu daidai. Matsakaicin makin da aka saba gani wajen 68 ne, don haka wanda bai kalli bidiyon ba zai ce manhajar ta ɗan gaza. Alhali hamsin ɗin nan ba ta faɗi komai game da manhajar ba. Kara ce kawai aka mayar lamba.

Kuma ba Bahaushe ne kaɗai ke da wannan ba. A 2012, Nicola Dell da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a birnin Bangalore na Indiya, inda aka yi hira 450 da direbobin keke mai ƙafa uku da ɗaliban jami'a. An nuna wa mutane abu biyu iri ɗaya sak, aka ce ɗaya mai tambayar ne ya ƙera. Sun fi zaɓar nasa kusan ninki biyu da rabi, kuma idan baƙo ne mai magana ta bakin tafinta, sai ya kai ninki biyar. A nan ne gwajin da babu mai kallo ya kamata ya yi amfani, tunda babu idon da za a ji wa kunya. Amma ni na tura wa Kawu saƙon, ya san ni zan saurara. Kunyar ta bi ta cikin waya.

Akwai wahalhalun da bidiyo ba ya nunawa sam. Ɗaukar allo na cin caji da wurin ajiya, tura bidiyon kuma na cin data. Idan sabis ya yanke ana tsakiyar turawa, aikin minti ashirin yana iya tafiya a banza, wani lokaci har da ladan. Sannan idan shafi ya yi jinkirin buɗewa, mai bincike a nesa ba zai iya rabe laifin manhaja da na sabis ba.

Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne sirri. Duk abin da ya faɗo kan allo lokacin gwaji ya shiga bidiyo: saƙon banki, saƙon WhatsApp na iyali, sunayen mutane. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ka haƙƙin sanin abin da za a yi da bayananka, da haƙƙin janye amincewarka. Idan za ka shiga irin wannan, kashe sanarwar saƙonni kafin ka fara, kar ka rubuta lambar sirrinka ta gaske ko BVN, kuma duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a ɗauke ka mai gwaji, rabu da shi.

Jakob Nielsen ya shahara da cewa mutum 5 sun isa su bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin manhaja. Mutane kan riƙe lambar su manta da sharaɗinta: biyar ɗin su kasance irin waɗanda za su yi amfani da ita. Wanda ke da babbar waya, da Turanci, da datar tura bidiyo, shi ne ke tsallake tacewa cikin sauƙi. Ɗalibai biyar a Dutse ba za su taɓa tsayawa a alamar nan mai layi uku ba.

Mun sake gwajin bayan mako biyu. Umarnin muka naɗa shi da murya da Hausa, muka fara da cewa, "Idan ka rasa hanya, laifinmu ne, kuma shi muke nema." Mun roƙi kowa kar ya miƙa wayar ga yara, kuma wata abokiyar karatunmu da ba ta da dangi a garin ce ta tura saƙon. Wani dattijo ya ɗauki minti biyu cur yana faɗa a kan ƙanƙantar rubutun, ya ce ko da tabarau ba ya ganin farashin. Washegari muka ƙara girmansa.