Wayar Hannu Da Amanar Lokaci: Jan Hankali Ga Iyayen Ɗalibai

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo zuwa Kano ranar komawa makaranta zai ga 'ya'yanmu na Gwarzo da Kabo suna sauka a ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, kowa kansa a sunkuye bisa waya. Wayar nan kuwa galibi uba ne ya gutsura daga jarinsa ko albashinsa ya sayo a kasuwar Farm Centre, domin yaro ya ji daɗin karatu.

Ba mu ce waya haramun ce ba. Tun shigowar salula Nijeriya cikin 2001 ta rage wa 'yan kasuwa tafiye-tafiye, kuma ɗalibi na samun littattafai da karatun malamai a cikinta. Amma masu TikTok da Facebook da talla suke cin abinci, saboda haka suka tsara abin yadda majigi ɗaya ba ya ƙarewa sai wani ya biyo, har yaro ya shiga da niyyar minti 5, bai farga ba sai dare ya raba. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin kwamfuta da na waya cikin jerin cututtuka, babbar alamarta kuwa ita ce mutum ya kasa dainawa alhali yana ganin ɓarnar.

Wanda ya kwana yana latse-latse shi ke makara sallar Asuba, ya yi gyangyaɗi a aji, ya juya kuɗin abincinsa zuwa sayen data, ranar jarrabawa kuma ido ya raina fata. Alhali Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi rantsuwa da zamani a cikin Suratul Asri, kuma ya tabbata a hadisi cewa za a tambayi bawa yadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

To, ya ku iyaye, biyan kuɗin makaranta kaɗai bai sauke nauyi ba. A nemi ganin sakamakon kowane zango. A yi yarjejeniya da yaro cewa waya za ta kwana nesa da shimfiɗa, a kuma kashe ta lokacin salla da darasi. Uba ma ya ajiye tasa in an zauna cin tuwo, gama abin da babba ya yi shi yaro ke kwaikwayo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.