Ranar da iska ta ritsa da mu a hawa na uku a Adum

Azumi ne, bayan la'asar, kowa a ofis ya fara haɗa jaka don ya samu trotro zuwa Aboabo ko Asawase kafin buɗa-baki. Sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Duk wanda ya tashi a Zangon Kumasi ya san hadarin farkon damina, na watan Maris da Afrilu: zafi ya dame ka tun safe, ganye ko motsi ba ya yi, can sai iska ta iso da ƙura da ledoji kafin ɗigon ruwa ko ɗaya ya sauka.

Mu bakwai ne a ɗakin, a hawa na uku na wani tsohon bene. Abin da muka yi, kunya ma nake ji in faɗa. Taga muka nufa gaba ɗaya, waya a hannu, za a ɗauki bidiyo a tura WhatsApp. Muna kallo fallen kwano ya taso daga wani rufi yana juyi a sama kamar takarda, mu kuwa sai dariya.

Baba maigadi ne ya hauro yana haki. Dattijo ne, ya fi shekara ashirin a ƙofar ginin nan.

"'Ya'yana, ku bar tagan nan! Ku fito matakala!"

Abokiyar aikinmu ta ce, "Baba, minti ɗaya, yanzun nan zan gama."

"'Yata, gilashi bai san minti ɗaya ba. Fito!"

Ba mu gama fita ba muka ji tas-tas-tas. Gilasan luba guda huɗu sun zube daidai kan teburin da take tsaye. Ɗaya ya yanke ta a dantse, sai da aka ɗinke. Da fuskarta na wurin, wallahi da labarin ya sha bamban.

Kusan minti arba'in muka yi zaune a matakalar tsakiya, an ɗauke wuta, muna haskawa da waya. A nan na gane hikimar Baba. Bangon siminti ne hagu da dama, ba taga, ba kwano a kanmu. Iska ba kasafai take rushe ginin kankare ba. Abin da take ɗaukowa shi ke raunata mutane: kwano, allon talla, reshen bishiya, gilashi. Kowane bango da ka saka tsakaninka da waje, kariya ce. Hawa na ƙarshe kuma shi ya fi haɗari, don rufinsa ne ke fara tafiya.

Daga baya na karanta yadda ake yi a Amurka, inda guguwa mai juyi ta kashe mutum sama da 150 a garin Joplin a watan Mayun 2011. Su shawararsu ita ce a gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kada mu kwafe ta ido rufe. Namu hadarin da ruwa mai yawa yake zuwa, kuma wanda ya san yadda Subin ke cika a tsakiyar gari, ko rafin Aboabo a unguwarmu, ya san ɗakin ƙasa zai iya zama rijiya. A Kumasi, hawa na ɗaya ko na biyu, can ciki nesa da taga, ya fi. Masu aiki a sababbin benaye kuma su ƙyale lif. Wuta na iya ɗaukewa kana tsakanin hawa biyu.

Gardamar da ta fi zafi a matakalar ita ce ta tafiya. Wani ɗan'uwa ya dage sai ya fita, wai yara na jiransa, ga magariba ta gabato. Na fahimce shi, ni ma hankalina na gida. Amma Baba ya tuna masa 3 ga Yuni 2015, daren da ruwa da gobara suka haɗu a gidan mai na Kwame Nkrumah Circle a Accra, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu fakewa kawai suka je yi. Ni kuma na tuna Kintampo, 19 ga Maris 2017, inda iska ta kayar da itace kan masu wanka a magangarar ruwa, aƙalla 18 suka mutu, galibi 'yan makaranta. Barin gini mai ƙarfi a koma ƙarƙashin rumfa ko bishiya, gudun gara ne a faɗa gidan zago. A hanya kuma akwai kwata buɗaɗɗiya da ruwa ya rufe, da wayar lantarki da ta faɗo. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum.

Batun salla ma addini bai matsa mana ba. Ya tabbata a hadisi cewa a daren ruwa da sanyi Annabi (SAW) yakan sa ladan ya sanar da mutane su yi salla a masaukinsu. Da dabino biyar da ruwan leda muka sha ruwa, muka yi jam'i a baranda ta ciki.

Tsawa ma da lissafinta. Daga walƙiya zuwa ƙara, kowane daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ne, kuma masana na cewa a jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe kafin a fita. A cire kwamfuta daga soket tun hadari na haɗuwa, kada a bari sai ana walƙiya. Hukumar yanayi, GMet, tana fitar da gargaɗi a rediyo da shafukanta, mu ne dai ba ma dubawa. Lambar gaggawa 112 ce. NADMO kuma ita ake kai wa rahoton ɓarna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙofar matakalar baya. Da kwaɗo muka tarar da ita, don tsoron ɓarayi, makullin kuma yana aljihun mai kula da gini, wanda ya tafi gida tun azahar. Da gobara ce ta tashi a gaba, da ba mu da mafita. Sau uku muna rubuta takarda kafin a yanka mana makulli na biyu. Yanzu yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ofis, tare da tocila da akwatin bandeji. Lubar kuwa har yau kwali ne a wurin, ana ta ja-in-ja kan wanda zai biya.