Yadda siririn reshe ya tsara jikin dangin biri

A bishiya mai 'ya'ya, abinci mafi kyau yana can ƙarshen reshe, inda itacen ya sirance har nauyin tsuntsu kan lanƙwasa shi. Can furanni suke, can nunannun 'ya'ya suke, can kuma ƙwari ke taruwa. Duk dabbar da ta iya kaiwa wurin ba ta faɗo ba, ta sami abincin da ya fi ƙarfin sauran. Masana halittar dabbobi da dama suna ganin neman kaiwa wannan wuri ne ya tsara jikin dangin biri, tun daga ƙananan birai masu yawon dare har zuwa manya irin su cimpanzi.

Kuregen bishiya gwanin hawa ne. Yana kafa akaifunsa masu tsini a ɓawo, kuma idon sawunsa na baya yana juyawa, shi ya sa yake saukowa kai a ƙasa a guje. Amma a tsinken reshe akaifa ba ta samun wurin kafawa, sai dai a damƙe shi. Nan dangin biri suka yi zarra: yatsu dogaye masu naɗewa, babban yatsa mai fuskantar sauran, da ƙumba mai faɗi wadda ke tallafar tattausan kan yatsa, ya riƙa jin santsi ko kaushin abin da ya kama.

A shekarun 1970, masani Matt Cartmill ya ce farautar ƙwari a ƙananan rassa ce ta haɗa hannu mai damƙa da idanu biyu masu duban gaba, domin mai cafkar ƙwaro dole ya auna nisa daidai. Robert Sussman kuwa ya ce neman 'ya'yan itace da furanni ne. A 2002 aka bayyana ƙasusuwan wata ƙaramar dabba da ake kira Carpolestes daga jihar Wyoming ta Amurka, mai kimanin shekaru miliyan 56. Ƙafarta tana da babban yatsa mai damƙa da ƙumba, haƙoranta na mai cin 'ya'yan itace ne, idanunta kuma suna gefe. Wato a wajenta damƙar reshe ta riga duban gaba zuwa.

Idan jiki ya yi nauyi, tafiya a saman reshe kan zama haɗari. Birin gibon na kudu maso gabashin Asiya ya koma ƙarƙashin reshen: yana lilo da dogayen hannaye, ya saki wannan ya cafke wancan, kafaɗarsa tana juyawa ta ko'ina. Orangutan na tsibiran Borneo da Sumatra, wanda namijinsa kan wuce kilo 70, yana tafiya ne a tsanake. Ya riƙe reshe da hannu, ya damƙi wani da ƙafa, ya raba nauyinsa, wani lokaci ya girgiza bishiya har ta karkata zuwa ta kusa ya tsallaka.

A 2007 Susannah Thorpe da abokan aikinta suka wallafa abin da suka gani a dajin Sumatra: idan orangutan ya isa rassa mafi siranta, yakan miƙe a kan ƙafa biyu, gwiwa a miƙe, hannu ɗaya na riƙe da reshen sama, ɗayan na tsinko 'ya'ya. A 2022 wani binciken a kwarin Issa na Tanzaniya ya nuna cewa fiye da kashi 85 cikin ɗari na tsayuwar cimpanzi a kan ƙafa biyu a bisa bishiya take faruwa.

Wannan ya girgiza tsohon bayanin da ke cewa sai da daji ya ja baya kakannin ɗan adam suka sauko fili sannan suka miƙe tsaye. Jan biri ma, wanda manoman arewacin Najeriya suka sani sarai, a fili yake rayuwa, yana gudun da ya kai kilomita 55 a awa, amma da ƙafa huɗu. Ƙasusuwan da aka haƙo a Habasha sun ƙara wa sabon bayanin ƙarfi, wato cewa a bisa bishiya aka fara miƙewa tsaye. Wadda aka laƙaba wa suna Ardi, mai shekaru miliyan 4.4, tana da ƙugun da ya dace da tsayuwa, amma babban yatsan ƙafarta na damƙar reshe ne. Lucy, wadda aka gano a Hadar a 1974, mai shekaru miliyan 3.2, tana tafiya da ƙafa biyu, duk da haka kafaɗarta da lanƙwasassun yatsunta na mahayi ne.

Ƙashi ba ya motsi, don haka rayayyun dabbobi ne ke fassara mana shi. Ga shi gonakin kwakwar manja na cinye dajin orangutan, sare itace da farauta kuma na takura cimpanzin gandun Gashaka-Gumti. Idan waɗannan dazuzzuka suka ƙare, za a bar masana da ƙasusuwa a hannu, babu mai rai da zai nuna musu yadda aka yi amfani da su. Kare dajin kare ilimin ne.