Ba Kowane Zafin Inji Ne Ƙonewar Gaskit Ba

Da zarar tsohuwar mota ta tafasa a hanya, tun kafin a gama ɗaga bonet wani ya yanke hukunci: "Alhaji, ai gaskit ya ƙone." Masu riƙe da Peugeot 504, Fijon da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sun sha jin wannan. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa gaskit ɗin lafiyarsa ƙalau, ko kuma zafin ne ya ƙona shi, abin da ya kawo zafin kuwa yana nan a kwance.

Laifin yakan fito daga lagireto da ya toshe, ko fanbel da ya saki, ko famfon ruwa da ya gaji. Har murfin lagireto, da ake rainawa, yana da hannu: shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Idan robarsa ta mutu, mota sai ta yi ta aman ruwa alhali injin bai da komai.

Ana cewa farin hayaƙi a salansa shaida ce ta ƙonewar gaskit. Da sanyin safiya a lokacin hunturu kowace mota na yin sa, tururi ne kawai, yana ɗaukewa idan inji ya ɗumama. Wanda ake tsoro shi ne mai kauri da ba ya yankewa bayan an yi tafiya, ga ruwa na raguwa ba tare da an ga yoyo a ƙasa ba. Haka ma farin kumfa a murfin baƙin mai: motar da ba ta wuce gida zuwa masallacin Juma'a tana iya tara shi. A zaro sandar awon mai. Idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga.

Ko a nan ma, mai 504 ya dakata. Hannayen silindar injinta zura su ake yi, ruwa na zagaye su, kuma akwai abin toshiya a gindin kowanne. Idan can ne ya buɗe, ruwa zai gangara cikin mai, ko gaskit goma aka canza. Shi ya sa makaniken da ya san Fijo ba ya juya inji bayan ya cire kai sai ya danne hannayen, don kada su motsa.

Gwaji mai sauƙi: da safe, inji da sanyinsa, a cika lagireto, a bar shi a buɗe, a tayar. Kumfa da ke ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa alama ce iskar silinda na kutsawa cikin ruwa. A kwance fulogai. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi, tururi ne ya wanke shi. Ma'aunin matsi kuma, idan ya nuna silinda biyu maƙwabta sun yi ƙasa tare, magana ta kusa ƙarewa.

Sai babbar jita-jita, wai tamostat na ƙasashen sanyi ne, a cire a jefar. Gaskiyar da ke ciki ita ce tamostat da ya maƙale a rufe yana tafasa mota. Maganinsa a jefa shi a tukunyar ruwan zafi. Idan bai buɗe ba, a sayi sabo. Cire shi gaba ɗaya yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha fetur, ya ci kansa, kuma toshewar lagireton tana nan yadda take. Ruwan rijiya ma da ake cewa ba komai, shi ke haifar da tsatsa da ɓawon da ke toshe shi.

Gargaɗin da ba ƙarya a cikinsa shi ne na zuba ruwan sanyi a inji mai zafi. Kan injin 504 na alminiyam ne, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, wanda ya buɗe murfin lagireto kuma tafasasshen ruwa ya wanke masa fuska. A kashe, a jira ya huce. Idan ta kai ga an buɗe inji, a sa a auna kan a ga ko ya karkace kafin a ɗora sabon gaskit, a ɗaure kusoshi bi da bi da sifanar awo.