WA KE DA MARAYA?

'Yan uwana mata, a wajenmu Kutama, ko Gwarzo ko Kabo, idan uwa ta rasu ta bar jinjiri ba a zuwa gaban alƙali. Goggo ko inna ce za ta ɗauke shi riƙo, ta goya abinta, shi ke nan. Hausawa Kiristoci ma haka suke yi, balle Wasiƙar Yaƙub da ke littafinsu ta sa kula da marayu cikin sahihiyar ibada. Inda aka bambanta, Kirista kan ba yaron sunansa, Musulmi kuwa sai ya bar masa sunan mahaifinsa.

To, yaron da ba dangin iya ba na baba fa?

Irinsu ne Farfesa Solomon Tarfa da matarsa Mercy suke ɗauka a gidan marayu na Du Merci, wanda suka buɗe a birnin Kano cikin 1996. Ranar Kirsimeti ta 2019 jami'an tsaro suka dira gidan, aka zargi Farfesan da satar yara. Yara 27 aka kwashe daga nan da reshensu na Kaduna, aka kai su gidan yara na gwamnati a Nassarawa.

A 2021 kotu ta wanke shi daga zargin satar. Amma ni wallahi yaran ne suka tsaya min a rai. Ana can ana ja-in-ja a kan takardu, wasunsu suka shafe shekaru a Nassarawa, nesa da matar da ta raine su.